Jan Kofin Ɗakin Yara

Zulai, ajiye cokalin nan ki saurare ni, shinkafar ba guduwa za ta yi ba. Tun da kuka shigo nake jin ki kina gaya wa 'yan'uwanki wai idan kwantiraginki ya ƙare watan gobe za ki koma gida ki buɗe wurin taimakon yaran da aka zalunta, wai aikin ba wuya, hira ce kawai da yara, kuɗin tafiyar da shi kuma a karɓa daga hannun masu laifin. Na yi shiru ne don yau Juma'a, kuma baƙina ne ku. Amma ku da kuka san ni a Anti Rabi ta sashen yara, mai masifa a kan wanke hannu, ba ku san shekara goma sha ɗaya na yi ina wannan aikin da kike kira hira ba, kafin in zo Riyad. Kuma da irin kuɗin da kike magana aka riƙa biyana. Kin ga jan kofin roban can a kan firji, wanda Hauwa ta ɗauka za ta sha ruwa na ce ta mayar? Shi kaɗai na fito da shi daga wurin.

Ɗaki ɗaya ne tal, a bayan wani asibiti a garinmu, da can tsofaffin katifu ake jibgewa a ciki. Mutane suna ce masa ɗakin yara. Wani dattijon alƙali ne ya kawo tsarin. Ya gaji da ganin ana tsayar da yaro ɗan shekara biyar a gaban kotu, ga ɗan sanda, ga wanda ya cuce shi yana hararar sa, a ce ya yi bayani. Sai ya sa aka tsara cewa duk wanda aka samu da laifin cutar da yaro, bayan hukuncinsa, zai biya wani abu na ɗakin yara. Da wannan muke sayen maganin ƙuna da bandeji, da kaset da batir, da kuɗin motar kai yaro kotu, a ciki kuma ake cire ɗan abin da ake ba mu ƙarshen wata. A lokacin ina alfahari da abin sosai. Nakan ce wanda ya ƙona yaro shi ya sayi maganin, ina laifi?

Ranar da na fara, na je da farin kayana na nas, sun sha guga, da biro uku a aljihu. Mama Ladi, tsohuwar nas ɗin da ke riƙe da ɗakin, ta dube ni sama da ƙasa ta ce in koma gida in sa atamfa, yara sun san masu farin kaya allura suke yi. Da na dawo ta zaunar da ni bayan labule ta ba ni littafi, ta ce in rubuta abin da na ji, kada in yi ko tari. Wata uku ina bayan labulen nan. Ni da nake ganin na yi makaranta, na yi aikin ɗakin haihuwa, wai ni ce ba a yarda in yi wa yaro magana ba. Na yi fushi, na kai ƙara wurin mijina, ya ce in haƙura ko in bari. Na haƙura.

Kayan aikin ba su da yawa. Tabarma, kujera 'yar tsugunno, ƙaramar rikoda mai kaset, takarda da fensir mai kala, 'yar tsana biyu na tsumma, da fulas ɗin kunun gyaɗa. Yaro ne ke hawa kujerar, ke ki zauna a tabarma, don kada ya ɗaga kai yana kallon ki kamar mai jiran bulala. Ba a ba shi alewa kafin ya yi magana, don kada a ce saye aka yi. Kunu kuwa ana ba shi ko ya yi magana ko bai yi ba. Kuma ba ki da ikon cewa “yauwa”. Wannan ta fi ba ni wahala. Yaro ya faɗi abin da kike jira, bakinki ya kawo “yauwa” da kansa, to kin gaya masa irin amsar da kike so, duk abin da zai faɗa bayan nan don ya faranta miki ne. Mama Ladi ta sha mintsinina a cinya a kan wannan kalma.

Yaro na farko da na ga ta yi wa aikin kofi ɗan shekara biyar ne, an kawo shi da karyayyen hannu. Ba ta tambaye shi hannun ba. Ta ɗaga jan kofin nan ta ce masa wannan koren kofin yana da kyau, ko? Ya ce e. Ta ce kore ne, ko? Ya sunkuyar da kai ya ce e. Ta zuba masa kunu, suka yi zane, ta sallame shi. Na fito daga bayan labule ina cewa an ɓata yini guda a banza. Ta ce in zauna, ta gaya mini abin da har yau ban manta ba: “Rabi, yaronmu tun yana rarrafe ake koya masa kada ya musa wa babba. Ki ce masa rana ce da tsakar dare, zai ce e. To e ɗinsa ba shaida ba ce. Sai ranar da ya iya ce miki a'a, sannan e ɗinsa take da daraja.”

Kwana uku yaron nan yana zuwa. Tana gaya masa ita tsohuwa ce, idonta ba ya gani sosai, idan ta yi kuskure ya taimaka ya gyara mata, ba wanda zai dake shi. A rana ta uku ta ɗaga kofin ta ce kore, ya dubi ƙofa, sannan ya ce ƙasa-ƙasa ja ne. Sai a nan ta kunna rikoda. Kuma ko a nan ba ta ambaci sunan kowa ba. Cewa ta yi ya ba ta labarin hannunsa tun daga farko. Idan ya tsaya ta ce sai me ya faru, shi ke nan. To Zulai, kin ji hirar da kike cewa ba wuya.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Akwai uwa mai kuka da ke so ki sa yaro ya faɗi sunan da ita ta riga ta yanke. Akwai dattawan unguwa da za su zo da babbar riga su ce abin gida ne, a bari a yi sulhu. Akwai ɗan sanda mai sauri, yana buga ƙofa yana tambayar an gama. Duk sai kin iya tsayar da su a waje da fara'a. Mun yi shekaru masu kyau. Mun raba yara da gidajen da ake azabtar da su, mun kuma wanke mutanen da aka yi wa ƙazafi, don yaron da ya iya a'a yakan ce ba shi ba ne. Da rana in aiki ya lafa mukan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar ɗakin, ana jin masu daka daga gidajen bayan katanga. Wallahi har yau in na fito daga motar asibiti a nan unguwar Al-Badi'a, iskar zafin nan ta buge ni, inuwar bishiyar nan nake tunawa.

Sai muguwar shekarar ta zo. Dattijon alƙali ya yi ritaya. Ba wanda ya soke tsarin, amma ba wanda ya bi shi da zafi. Kuma wani abu da ba mu taɓa zama mun duba ba ya fito fili: yawancin waɗanda ake kamawa talakawa ne, suna gidan yari, ko na sabulu ba su da shi, balle na ɗakin yara. Masu hali kuwa maganarsu ba ta cika kaiwa ga hukunci ba, a zaure ake kashe ta. Wata biyar ba mu ga albashi ba. Gwiwoyin Mama Ladi suka hana ta tafiya, 'ya'yanta suka ɗauke ta zuwa ƙauyensu, na rage ni kaɗai. Aka aiko mini cewa in ba za mu iya riƙe ɗakin ba, akwai masu bukatarsa ƙarshen wata. Bandeji ma da kuɗin cefanena nake saye.

A cikin wannan watan aka kawo yarinyar da zan kira Hanne, ba sunanta ba ne. Shekararta shida. Babanta ya rasu, uwarta ta yi aure nesa, tana riƙo a hannun ƙanin babanta, wanda take ce wa Baffa. Malamar islamiyyarsu ce ta lura ba ta jingina da bango. Da na ɗaga rigarta na ga shatin bakin dutsen guga a bayanta har uku, ɗaya ya warke, ɗaya ya fara bushewa, ɗaya ɗanye. Ba a jingina da dutsen guga sau uku bisa kuskure. Kakarta ta wajen uwa ta zo daga ƙauye da ƙullin kayanta, ta ce a shirye take ta tafi da ita, amma Baffa ya ce 'yar ɗan'uwansa ce, ba mai fitar masa da ita sai kotu. Abin da ake nema ke nan, kotu ta cire Hanne daga gidan ta ba kakarta.

Baffan nan yana da shagunan wanki da guga har uku a garin. Ba zan ɓoye muku ba, tunda na fara. Da na ji haka, kafin in tuna da bayan yarinyar, zuciyata cewa ta yi ga wanda zai iya biya. Na yi istigfari, amma tunanin ya riga ya shiga. Kaset ɗaya ya rage mini, batir ya yi sanyi, ɗan sanda yana waje yana cewa jibi kotu za ta zauna. Hanne tana kan kujera, ta haɗe gwiwoyi, ba ta ko taɓa kunun ba. Kofin yana gefena a kan tabarma. Na dube shi, na ce ina zan samu kwana uku? Na kunna rikoda. Na ce ta ba ni labarin bayanta, ta yi shiru. Na sake, ta yi shiru. Ina kallon kaset yana juyawa a banza. Sai na ji bakina ya ce, “Baffanki ne ya ɗora miki dutsen guga, ko?” Ta ce, “E.” Ni kuma na ce yauwa.

A ofishin alƙali aka yi zaman saboda yarinyar. Lauyan Baffa matashi ne mai ladabi, bai ɗaga mini murya ko sau ɗaya ba. Ya gaishe ni, ya tambayi shekaruna a aiki, sannan ya tambaye ni wa ke biyan albashina. Na yi bayanin tsarin. Ya tambayi yaushe rabona da albashi, na faɗa. Sai ya ce, “Wato Hajiya, in an sallami wannan bawan Allah ba ki da ko sisi, in an ɗaure shi kin samu?” Na ce ba haka ba ne. Ya sa aka kunna kaset, kowa ya ji muryata, har da yauwa ɗin.

Sannan ya tsuguna a gaban Hanne, ya sassauta murya kamar yadda ni aka koya mini. Ya ce mata da kanta ta jingina da dutsen guga tana wasa, ko? Ta ce e. Ya kama baƙar rigarsa ya ce wannan farar rigar tasa tana da kyau, ko? Ta dubi rigar, ta dube ni, ta ce e. Ya miƙe ya koma wurin zamansa. Aikin kofin Mama Ladi ne ya yi mini a gaban jama'a. Ban ga laifinsa ba, kuma ban ga laifin alƙali ba da ya ce ba zai iya gina hukunci a kan wannan ba. Shatin da ke bayanta ya nuna an ƙona ta, amma gidan mutum goma ne, bai nuna wa ya yi ba. Bakin yarinyar kaɗai zai nuna, ni kuma na lalata shi.

A bakin ƙofa Baffa ya riƙe hannunta za su tafi. Kakar tana zaune a ƙasa, ta rungume ƙullin kayanta. Hanne ta waiwayo ta ce mini, “Anti, na faɗi daidai?” Na ce mata ta faɗi daidai. Me zan ce? Ta yi duk abin da manya suka nema, ba ta musa wa kowa ba.

Ƙarshen watan aka karɓi ɗakin. Na raba kayan, na sa kofin a jaka. Ban je na gaya wa Mama Ladi ba, kunya ta hana ni, har ta rasu. Da wani ejan ya zo neman nas-nas na Saudiyya na ba da fasfo ban yi shawara da kowa ba. Shekara goma ke nan. Na gina gida, na aurar da 'ya'ya biyu, na yi aikin Hajji har sau uku, alhamdu lillahi. Amma in kun tambaye ni aikina, ba wannan na ɗaura ruwa da duba zafin jiki zan ce ba. Ina kewar wancan ɗakin, duk da ƙurarsa da rashin wutarsa, kewar da ba ta raguwa.

Sau ɗaya na sake yin aikin a nan, shekara uku da suka wuce. An kawo wata yarinya daga unguwar Gubaira da ƙuna a dantse, iyayenta mutanen Maraɗi ne, uban yana aiki a wata masana'anta can Birnin Masana'antu na Biyu. Likita ta ga ƙunar ta kwana biyu ba a kawo ta ba, ta yi zargi, aka kira masu kula da irin wannan, ni kuma aka ce in yi tafinta don uwar ba ta jin Larabci. Duk ido yana kan uban. Yana tsaye da kayan aikinsa, sai nanatawa yake iƙamarsa, takardar izinin zamansa, lafiya lau take, kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, zai shaide shi. Na roƙi a ba ni lokaci, aka ce ba matsala. Washegari na zo da kofin daga gida. Yarinyar a nan aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta, don haka da ɗan guntun Larabcina na ce mata kofin kore ne. Ranar farko ta gyaɗa kai. Rana ta biyu ta yi dariya ta ce, “La, ahmar!” wato a'a, ja ne. Da na ce ta ba ni labarin hannunta, sai ga shi butar shayi ce ta kife mata a ɗakin maƙwabciyar da ake barin ta wurinta, matar ta tsorata ta ce kada ta faɗa. Uban ya zauna a ƙasa a barandar asibiti yana kuka. Da na koma gida na lura da wani abu. Kwana biyun nan ban yi sauri ba ko kaɗan, don albashina zai shigo ko an kama wani ko ba a kama ba.

Don haka ba cewa nake kada ki karɓi kuɗin masu laifi ba. Karɓi, haƙƙin yaran ne. Sayi magani, biya kuɗin mota, gyara rufi. Amma tuwon wadda za ta zauna a tabarma ta yi tambaya, ki nemo shi daga wani wuri dabam tun kafin ki buɗe ƙofa, ko daga gwamnati ne, ko daga masu hali, ko daga irinmu da ke nan muna karɓar riyal. Ni zan sa nawa duk wata. Mai tambayar da ke jin yunwa tana da amsar da take so, kuma yaro yana ganin ta a fuskarta.

Hutu huɗu na je gida ban iya bin layin shagon Baffa ba. Bara na daure na je. Ɗaya ne ya rage cikin shagunan. Yana zaune a benci a waje da rediyo, ya tsufa, bai gane ni ba. Na ce na kawo mayafi a goge mini, na shiga. Hanne tana ciki, ta zama budurwa, doguwa, tana guga da riga mai dogon hannu a wannan zafin. Ta ɗago ta ce Anti. Shekara tara, kuma ba ta manta ba. Muka gaisa. Na shirya abin da zan faɗa tun a jirgi, amma ina jin rediyon a bayana, kuma wani mai karɓar kaya ya shigo yana jira. Na matsa kusa na rage murya na ce, “Yanzu dai kina zaune lafiya, ko?” Ta ce, “E, Anti.” Na ji sanyi a raina, na ba ta abin da ke jakata, na fito ina hamdala.

Sai da na shiga adaidaita sahu muka yi nisa na ji tambayar tawa a kunnena. Na sake yi mata. Da furfurata, da shekara tara ina nadamar abu ɗaya, na sake sa mata amsa a baki. Na ce direba ya juya, muka koma, na tarar an rufe shagon an tafi sallah. Na jira har la'asar ba a buɗe ba, washegari kuma jirgina ya tashi. Har yanzu ban san yadda take zaune a gidan nan ba.

Hauwa, miƙo mini kofin. Ungo, Zulai. Sa shi a jakar hannu, kada ki sa a akwati ya fashe. Zan kwatanta miki layin, zan gaya miki sunan Hanne na gaskiya in mun keɓe. Ki je ranar da Baffa ba ya nan, ki kai wanki, ki koma karɓa, ki sake kaiwa, ko sau goma ne. Za ta yi miki dariya, budurwa da ita ana nuna mata kofi, ki bar ta ta yi. Ki ce mata Anti ta ce ranar nan a ofishin alƙali ba ta faɗi daidai ba, kuma ba laifinta ba ne. Kada ki tambaye ta komai sai ta ce miki a'a.